Samirar da Ta Hau Bene

Ranar da Tasalla za ta bar Legas, tun kafin gari ya gama wayewa ta riga ta wanke ɓarzajjiyar shinkafa ta tsane ta a kwando. Ta kwance ƙullin busasshen zogalen da ta taho da shi daga Roni, ta jiƙa, ta jawo ƙuli-ƙuli ta shiga murƙushewa da kwalba, tunda gidan ko turmi babu. Gida a ce babu turmi! Wannan ma yana cikin labaran da ta tanadar wa matan unguwarsu.

Mako biyu ke nan da zuwanta wajen 'yarta ta fari, Bahijja. Surukinta Musaddiƙ ne ya matsa lallai sai ta zo ta huta, ta ga gari. An kuwa nuna mata garin. Ta ga gada a kan gada, ta ga kasuwar da aka ce in ka shiga da safe sai yamma ka ga ƙarshenta, ta zauna a cunkoson motoci har ƙafarta ta kumbura. Duk abin da aka nuna mata sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, madalla." Tasalla mace ce mai ji da garinsu. In ka ce mata Legas akwai dogayen benaye, sai ta ce Roni akwai duwatsu, kuma ba birkila ne ya gina su ba. Teku kaɗai ya rage ba ta je bakinsa ba, shi ma Musaddiƙ ne ya ajiye shi sai ranar ƙarshe, wai don ta tafi da daɗinsa. Da yamma kuma za a kai ta tasha ta hau babbar motar Kano.

Amma ba teku ne ya tashe ta da sassafe ba. Cikin Bahijja ya shiga wata na takwas, haihuwar fari. Da a ce komai ya tafi yadda aka saba, da tuni tana gida Roni goyon ciki, sai dai likita ya hana ta doguwar tafiya, ya kuma hana da babbar murya. Musaddiƙ a jirgin ruwa yake aiki, mako mai zuwa zai koma, kuma in ya shiga ruwan nan sai ya yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. An ce ƙanwarsa Zubaida za ta zo da zarar ta gama jarrabawa, to amma haihuwa ba ta san jarrabawa ba. Ita kuwa Tasalla ba halin ta zauna. Maigidanta Malam Haladu yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, a hannun maƙwabciyarta Ma'u da mijinta Daudu ta baro shi, kuma ko alheri ya kai alheri akwai inda ya kamata mutum ya san ya isa.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, duk kwanakin nan da ta yi, ko sau ɗaya ba ta ji an yi sallama a ƙofar gidan 'yarta ba. Bene ne mai hawa uku, ƙofa na kallon ƙofa, ana jin tarin juna ta bango, amma in aka haɗu a matakala sai kowa ya sunkuyar da kai cikin wayarsa. In naƙuda ta tashi yarinyar nan ita kaɗai, ƙofar wa za ta buga?

Bahijja ta fito daga ɗaki tana dafe da ƙugu, ta tsaya a bakin kicin tana kallon tulin dambun da ke turara.

"Inna, ina kwana. Wannan duk na guzuri ne? Ai ko mutanen motar gaba ɗaya za ki ciyar ya yi yawa."

"Lafiya lau. Ke, miƙo min samirun can na kan kabad. A'a, bari, kada ki yi miƙa da cikin nan. Kira maigidan."

"Ke" take ce mata, ko "'yar nan". Tun ranar da aka raɗa wa Bahijja suna bakin Tasalla bai taɓa furta shi ba. 'Yar fari ce, kuma Tasalla a gidan da ake alkunya ta tashi. Ko a makaranta aka tambaye ta sunan 'yarta, sai ta waiwaya ta nemi wanda zai faɗa. Bahijja ta saba, har takan tsokane ta a kai, ita kuwa ta yi kamar ba da ita ake ba.

Musaddiƙ ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. Ya sauko da samirun ya fita. Tasalla ce ta tara su ɗaya bayan ɗaya daga kasuwar Kazaure tun Bahijja tana sakandare, ta jera mata a ɗakin aure. Ga su nan ƙura ta rufe su, ko sau ɗaya ba a zuba abinci a ciki ba. Ta wanke su tas, ta shiga zuba dambu tana yaryaɗa man gyaɗa, tana barbaɗa soyayyar albasa.

Nan Bahijja ta gane inda aka dosa.

"Inna, don Allah. Nan fa ba Roni ba ne. Ba a kai wa mutane abinci haka kawai. Wani sai ya zaci an sa masa wani abu a ciki."

"In ya zata ya zubar. Kwanon dai ai zai dawo da shi."

"To in zubarwa za a yi, mene ne amfanin wahalar?"

Tasalla ta ajiye cokali ta dube ta. Wai wannan ce ta yi karatu har ta zama malamar asibiti.

"Ke kina tsammanin don yunwa ake kai wa maƙwabci abinci? Ma'u yunwa take ji da nake aika mata? Kwano ake aikawa. Wanda ya karɓi kwanonki dole ya tako ƙafarsa ya dawo da shi, in ya zo dole ya yi sallama, in ya yi sallama kin san muryarsa ya san taki. Zumunci a ƙafa yake. Ɗauko mayafinki, ke za ki juya min magana."

Ta ɗauki babbar samirar, mai jajayen furanni, wadda ta fi kowacce kyau, ta cika ta har murfin yana ɗagawa.

"Wannan ta matar sama ce."

"Madam Martha? Inna, kowa ma ban da ita! Matar nan ba mutunci gare ta ba. Kullum sai ta shanya kayanta a saman nawa suna ɗiga, na yi magana ta taso min kamar za ta cinye ni. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ma yi."

"Kun yi faɗa?"

"Sosai ma."

"Alhamdu lillahi," in ji Tasalla. "Ashe akwai wadda ta san kina gidan nan."

Haka suka fita, Tasalla a gaba da faranti a ka, ta miƙe wuya kamar mai kai kayan gara, Bahijja a baya tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ƙofar farko wani saurayi ne, Sammy, ya leƙo da abin jin kiɗa a kunne. Ya buɗe murfi, ƙamshi ya doke shi, ya washe baki, sai ya sa hannu a aljihu yana tambaya.

"Me yake cewa?"

Bahijja ta yi ƙasa da murya. "Wai nawa ne."

Tasalla ta ji abin har tsakiyar kanta. Ita, 'yar gidan da ba a taɓa rufe ƙofa lokacin cin abinci ba, yau ita aka mayar 'yar talla!

"Gaya masa uwarsa ce ta aiko. Ya tambaye ta nawa take sayar masa da abinci."

Bahijja dai ta sassauta maganar kafin ta juya ta, yaron ya yi ta godiya yana sosa ƙeya. A ƙofa ta biyu kare ne ya fara amsawa, sannan wata Angelina ta ziro hannu ta karɓa tana murmushin da bai wuce leɓe ba. Wata ƙofar aka buga aka gaji, sai can wani mutum ya buɗe yana waya, ya karɓa da hannun hagu bai ko katse maganarsa ba. Tasalla ta haɗiye wannan ma.

Sai suka hau sama. Madam Martha ta buɗe ƙofa iya tsawon sarƙar da ke jiki. Ƙatuwar mace ce, ta manyanta, fuskar nan a ɗaure kamar an aiko mata da mugun labari. Ta dubi Bahijja, ta dubi cikin, ta dubi Tasalla tun daga ɗankwali har silifa. Tasalla ita ma ta tsaya ta dube ta, ba ta ƙifta ba. Bahijja ta yi bayani a gajarce, cewa mahaifiyarta ce, yau za ta koma Arewa, ta zo sallama. Matar ta zare sarƙa, ta karɓi samirar da hannu biyu, ta ce wata kalma guda, ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Kin gani ko?" in ji Bahijja a matakala.

"Na gani. Da hannu biyu ta karɓa."

Hantsi ya ɗaga sosai kafin su isa bakin teku. Tasalla ta fito daga mota da shirinta, ta riga ta tanadi "To, madalla" a bakinta. Ai ta san ruwa. Ta san dam ɗin Kazaure lokacin da ya cika ya batse, ta sha tsayawa a bakinsa tana hango ɗaya gaɓar. Suka taka yashi, suka wuce masu gasa kifi da masu dawakan haya, sai ga shi.

Maganar ta maƙale. Ta nemi ɗaya gaɓar ta rasa. Ruwa ne ya tafi, ya yi ta tafiya, har ya je ya haɗe da sama, ga wani ruri da yake yi ba ya tsayawa ya numfasa. Can nesa ta hango jirage a jere, ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, Musaddiƙ ya nuna ya ce irin wanda yake aiki a ciki ke nan, kuma kowannensu ya fi benen gidansu girma. Tasalla ta kama bakinta.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ta ce. Ta daɗe tana maimaitawa. Gani ya kori ji, wannan karon kam Roni ba ta da abin da za ta ajiye kusa da shi, kuma ba ta ji ƙyashin amincewa da hakan ba.

Sai dai kallon jiragen nan ya dawo mata da abin da ta so ta ajiye na ɗan lokaci. Can tsakiyar wancan ruwan mijin yarinyar zai kasance. Ko kururuwa aka yi da lasifika ba zai ji ba.

Ta ce a kira mata Ma'u. Bahijja ta danna waya ta miƙa mata.

"Yaya Tasalla! Kin je? Kin gan shi?"

"Ga ni a gabansa, Ma'u. Ba ya faɗuwa, sai na zo. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi wallahi. Daudu ya yi masa aski jiya, ya fito da shi zaure ya sha hantsi. Kunun tsamiya ya shanye tas. Awakinki ma jar nan ta haihu, biyu. Kada dai ki manta da ruwan tekuna, ni sai na ɗanɗana da harshena na yarda wai gishiri ne."

Tasalla ta ji ƙirjinta ya cika. Ta ɗaga murya da gangan don na kusa da ita su ji, ko da yake ban da 'yarta da surukinta ba mai jin Hausa a wurin. "Allah ya saka, Ma'u. Allah ya bar zumunci. Kai wa Malam wayar."

Ta ji numfashinsa kafin muryarsa. Tun da ciwon ya same shi maganarsa ta yi nauyi, sai wanda ya saba yake ganewa. Ta ce masa ya saurara, ta miƙa wayar wajen ruwa, ta riƙe ta a haka har igiyar ruwa ta zo ta fashe ta koma. Da ta mayar kunne sai ta ji yana dariya, irin dariyarsa ta ɓari guda da ta daɗe ba ta ji ba. Sannan ya tattaro kalmomi da ƙyar.

"Yarinyar... wa za ki bar wa?"

Tasalla ta juya wa su Bahijja baya.

"Ina nan ina dubawa, Malam."

"Kada ki baro ta... haka nan."

"Ba zan baro ta haka nan ba."

Ta faɗa ne kawai, amma ba ta san da me za ta cika alkawarin ba. Ta karɓi gorar da suka shanye ruwanta, ta tattare zane, ta nufi bakin ruwa don ta ɗebo wa Ma'u tsarabarta. Musaddiƙ yana cewa Inna a kawo ya ɗebo, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sunkuya ke nan sai ruwan ya taho da gudu ya rufe mata ƙafafu har ƙwauri, yashi ya zame a ƙarƙashinta, ta yi taga-taga, Allah ya sa surukin yana kusa ta dafa kafaɗarsa, abin da ba ta taɓa tsammanin za ta yi ba a duniya. Gora dai ta cika. Amma da ruwan ya koma, ya tafi da silifarta ta dama.

Suka tsaya suna jira ko zai dawo da ita. Ya zo ya koma, ya zo ya koma, ya kawo wata tsohuwar leda da ɓawon kwakwa, silifa kam ko alama.

"Bar shi," in ji Tasalla. "Halin garin ne. Har ruwansu ya iya karɓa bai iya mayarwa ba."

Bahijja ta yi dariya har tana riƙe ciki, Musaddiƙ ya juya kai yana danne tasa. Tasalla ta taka zuwa mota da silifa ɗaya a ƙafa, kanta a sama. Amma a hanya tunaninta duk yana kan ƙofar gida.

Tun daga matakala ta hango su. Samirun suna jere a ƙasa a bakin ƙofa, an ɗora wata kan wata. Ta durƙusa ta buɗe ta farko. An wanke ta fes, babu komai a ciki. Ta biyu ma haka, ta ukun ko murfin ba a daidaita ba. An lallaɓo ne lokacin da ba kowa, an ajiye, an tsere wa gaisuwa. A Roni ko yaro ka aika da kwano, uwar gidan ba za ta bari ya dawo wofi ba, ko 'yar daddawa ce, ko barkono uku, ko goro ɗaya za ta jefa. Tasalla ta ji kunya ta kama ta, ita da ta yi kyautar, kamar ita ce ta yi laifin.

Babbar mai jajayen furanni kuwa ba ta cikinsu.

"Waɗannan ma sun yi ƙoƙari," in ji Bahijja a hankali. "Waccan kam sai dai mu yi haƙuri da ita. Na gaya miki, Inna. Ba komai, wallahi zan iya. Akwai lambar asibiti, akwai masu motar haya."

Lambar asibiti. Lamba ce za ta riƙe mata hannu a matakala? Lamba ce za ta dafa mata ruwan zafi? Tasalla ta shige ɗaki. Ta yi sallar la'asar ta daɗe a zaune a kan darduma. Ta auna zama, ta tuna Malam da yadda ba ya yarda kowa ya juya shi in ba ita ba sai don dole, ta tuna Ma'u da nata 'ya'yan da nata aikin. Ta auna tafiya, ta tuna abin da ta ce a bakin teku. Duk inda ta juya akwai wanda za ta bari. Ta share ido da gefen mayafi tun kafin wani ya shigo, ta tashi ta ɗaure bakin jakarta, ta nannaɗe gorar Ma'u a leda. Bahijja ta kawo mata takalminta na roba ta saka.

Musaddiƙ ya sauke kaya zuwa mota, ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, in an shirya, saboda cunkoso."

Sai aka buga ƙofar falo. Ba ƙwanƙwasawar mai jin nauyi ba, bugu ne na wanda ya san ana ciki.

Madam Martha ce, tana haki, gumi ya jiƙa mata wuyan riga, da alama daga kasuwa take ko zama ba ta yi ba. Samirar tana rungume a ƙirjinta. Ba ta jira an ce ta shigo ba, ta tuɓe takalmi ta ratsa ta gaban Musaddiƙ, ta dire samirar a gaban Tasalla ta buɗe. Busasshen kifi ne manya-manya, an jera su har baki. Ta shiga magana da Turancin kasuwa, da ƙarfi, tana nuna kifin tana nuna cikin Bahijja.

"Me ta ce?"

Bahijja ta juya mata maganar. "Ta ce a garinsu ma ba a mayar da kwano wofi, shi ya sa ta daɗe, sai da ta je kasuwar bakin ruwa. Ta ce kifi ta sayo don ta san kifi ba a yanka shi, kada mu yi shakkar ci."

Tasalla ta dubi matar da kyau. Wadda ta tsaya ta yi wannan tunanin, ba ƙaramar mace ba ce.

Martha ta zaro wani ƙaramin kwano na roba daga ƙarƙashin hammata, shuɗi, murfinsa ya ɗan tsage, ta ajiye kusa da samirar. Kayan yaji ne a ciki, irin waɗanda Tasalla ba ta sani ba, ƙamshinsu ya cika falon. Wai na farfesun mai jego ne, in ji ta, kuma ita za ta dafa, don 'yan matan yanzu ba su iya ba. Tasalla ba ta ma tsaya kan yajin ba, kwanon take kallo. Wannan ba na gidan nan ba ne, na matar ne. Ta kawo nata kwanon ta ajiye, yanzu kuma sai an tako an mayar mata. Dariya ta kuɓuce wa Tasalla. Martha ta gane abin da ta gane, gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Ta ce kuma," in ji Bahijja, "maganar shanya tana nan, ba ta janye ba, igiyar tata ce tun kafin mu tare."

"Gaya mata ta riƙe igiyarta. Maƙwabtaka ba ta daɗi in ba ɗan abin faɗa."

Tasalla ta miƙe. Ta kamo hannun 'yarta, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama, ta kamo na Martha, ta haɗa su ta danne da nata.

"Juya mata wannan daidai, kada ki rage. Ni daga Roni na zo, inda ba a barin mace ita kaɗai da tsohon ciki. Mijina yana kwance, maƙwabta ne suke riƙe min shi, dole na koma. Mijin wannan zai shiga ruwa. Ba ni da kowa a garin nan. Ga amana na ba ta, don Allahn da ya halicce mu ni da ita."

Bahijja ta juya maganar daidai. Martha ta saurara har ƙarshe, ta buga ƙirjinta da ɗaya hannun, ta ce ta haifi biyar ta karɓi haihuwar jikoki, in abu ya taso a buga silin da sandar tsintsiya kawai, za ta ji. Sannan ta yi tambaya. Ashe duk zaman nan da faɗan nan ba ta san sunan yarinyar ba.

Bahijja ta buɗe baki za ta faɗa, Tasalla ta matse hannunta. Ko akuya za ka bai wa mutum kiwo sai ka nuna ta ka ce ga ta, balle mutum. Mai ba da amana shi yake faɗin abin da ya bayar. Ta ji harshenta ya yi nauyi kamar na Malam, ta ji idon surukinta a bakin ƙofa, ta ji duk matan gidansu da suka riga mu gidan gaskiya suna kallonta. Ta ɗaga kai.

"Bahijja," ta ce. Ta sake faɗa a hankali don matar ta riƙe. "Sunanta Bahijja. 'Yata ce ta fari."

Bahijja ta tsaya kamar an dasa ta. Sai hawaye, ta rufe fuska da mayafi tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Martha ba ta san abin da ya faru ba, ta dai jawo ta jikinta tana bubbuga bayanta tana yi mata faɗa.

"Ke kuma mene ne na kuka," in ji Tasalla, tana gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba. "Kwanon nan shuɗi, kada ki kuskura ki mayar da shi wofi. Akwai sauran zogale a leda."

Har bakin get suka rako ta. Tasalla ta shiga bayan mota ta zauna, ta ɗora gorar Ma'u a cinya. Musaddiƙ ya tayar da mota. Suna fara tafiya ta jiyo muryar Martha ta cika layin, tana kiran sunan a karkace, "Bayija! Bayija!", da alama korar ta take ta koma ciki ta bar tsayuwa a rana.

Tasalla ba ta waiwaya ba. Ta ce wa surukinta, tana kallon taga, in ya samu wuri ya kira mata Ma'u ta kai wa Malam waya, tana da amsar tambayarsa.